Yadda ake gano abin da ke sa ma'ajiyar fayiloli tafiyar hawainiya a ɗakin lissafin kimiyya

Duk wanda ya taɓa riƙe kwamfutocin ɗakin bincike a Yamai ya san ƙarar da aka fi kawo masa, wato a tsaya a bakin ƙofa a ce, "Malam, yau rezo ya yi nauyi." Da rezo yana nufin hanyar da ta haɗa kwamfutocin. Mai ƙarar yakan zama ɗalibi mai shirin digirin dakta, ko mai nazarin yanayi wanda ya tayar da lissafi tun da hantsi, ya dawo bayan azahar ya tarar ko rabi bai kai ba. Garin nan yana da masu irin wannan aiki da dama, kama daga Jami'ar Abdou Moumouni zuwa cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974 da cibiyar ACMAD, kuma bayanan ruwan sama da iska da hotunan tauraron ɗan Adam da ake sarrafawa ba ƙanana ba ne. A irin waɗannan ɗakuna akan tara bayanan a kwamfuta guda mai manyan faifai, wadda ake kira saba ko uwar garke, sauran kwamfutocin su riƙa karantawa da rubutawa a kanta ta hanyar tsarin rabon fayiloli na NFS idan Linux suke amfani da shi, ko SMB idan akwai Windows a ciki.

Tsakanin lissafin mai bincike da bayanansa akwai abubuwa huɗu: waya da suwic (na'urar da wayoyin kwamfutocin ke haɗuwa a cikinta), faifan saba, tsarin rabon fayilolin, sai kuma yadda shi kansa aikin yake taɓa fayiloli. Da yake kowa rezo yake ambata, sau da yawa an bar jaki ana dukan taiki, har a nemi kuɗin sabon suwic alhali ciwon yana wani wuri. Dabarar ita ce a auna kowane ɗaya daga cikin huɗun shi kaɗai, daga ƙasa zuwa sama, kuma kada a canza abu biyu a lokaci guda.

Mataki na farko: mayar da ƙarar ta zama lamba

Kafin ka taɓa komai, zauna da mai ƙarar ka tambaye shi wace kwamfuta ce, wace folda ce, karatu ne yake jinkiri ko rubutu, tun yaushe abin ya fara, kuma ko kullum ne ko a wasu sa'o'i kawai. Daga nan sai ka rubuta babban fayil guda daga kwamfutarsa zuwa ma'ajiyar da umarnin `dd if=/dev/zero of=/data/gwaji bs=1M count=4096 conv=fdatasync`. Kalmar ƙarshe ta wannan umarni tana da muhimmanci, domin idan babu ita kwamfutar za ta zuba bayanan a RAM, wato ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, ta ce ta gama, ta ba ka lambar da ba gaskiya ba. Kafin ka gwada karatu kuma, share abin da kwamfutar ta adana da `sync` sannan `echo 3 > /proc/sys/vm/drop_caches`, da izinin root.

Lambar da ta fito ba ta da ma'ana sai ka san iyakar hanyar. Ana auna gudun waya da bit, ana auna girman fayil da bayit, kuma bit 8 ne ke yin bayit guda. Wayar gigabit ɗaya ba za ta wuce megabayit 125 a sakan ba ko a takarda, a aikace kuwa wajen 110 zuwa 117 ake samu. Idan gwajinka ya ba da 112, hanya lafiyarta ƙalau, kuma kana iya tsallakewa zuwa mataki na biyar. Idan ya ba da 11, to kusan ka riga ka kama ɓarawon, domin wannan shi ne gudun haɗin megabit 100. Rubuta lambar a littafi tare da rana da sa'a, saboda ita za ka riƙa komawa gare ta bayan kowane gyara.

Mataki na biyu: waya da suwic su kaɗai

A kan saba ka tayar da `iperf3 -s`, a kan kwamfutar mai ƙara ka buga `iperf3 -c` da adireshin saba, sannan ka maimaita da ƙarin `-R` domin bayanan su juyo ta ɗaya ɓangaren. Wannan gwaji ba ya taɓa faifai ko kaɗan, don haka abin da ya nuna na hanya ne zalla. Gigabit mai lafiya yana ba da wajen megabit 940 a sakan ta kowane ɓangare. Idan ya gaza haka, duba `ethtool` da sunan katin rezo a kan kwamfutocin biyu, ka karanta layin Speed da na Duplex.

Na taɓa ɓata kwana biyu a wani ɗakin bincike ina jujjuya saitin NFS, ashe wayar da ta fito daga saba ta bi ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfe, ƙofar tana murje ta duk lokacin da aka buɗe. Da na zare ta na duba a hasken taga, sai ga robar ta baje kamar an taka ta da turmi, amma fitilar suwic tana ci gaba da ƙyaftawa kamar babu abin da ya faru. Dalilin shi ne wayar tana ɗauke da ƙananan wayoyi 8 da aka murɗa bibbiyu. Gigabit yana buƙatar dukkansu, megabit 100 kuwa guda 4 sun ishe shi. Idan ɗaya ta tsinke, na'urori da yawa sukan sauka zuwa 100 shiru ba tare da sun gaya wa kowa ba. Kan waya da aka matse da hannu ba daidai ba shi ma yana jawo haka, kuma ƙurar hunturu da ke shiga ramukan suwic ba ta taimakawa. Umarnin `ethtool -S` zai nuna maka kurakuran CRC, kuma idan adadinsu yana hawa yayin da kake kallo, canza wayar da Cat5e ko Cat6 wadda ba ta wuce mita 100 ba, kada ka tsaya jayayya da ita.

Bi wayar da ƙafarka har zuwa saba. Sau da yawa za ka tarar da wani ƙaramin tsohon suwic a bayan kabad wanda aka saka domin ƙara ramuka shekarun baya aka manta da shi, ko ka ga ofisoshi uku duk suna ratsawa ta waya guda zuwa ɗakin saba. Wanda kuma yake lissafi ta Wi-Fi, a ba shi waya kawai.

Akwai wani tarko da ake kira MTU, wato girman ƙunshin bayanai da hanya ke ɗauka. Girman da aka saba shi ne bayit 1500, wasu kuma sukan ɗaga shi zuwa 9000 domin neman sauri. Idan an ɗaga a saba ba a ɗaga a suwic ba, ƙananan buƙatu za su wuce, manya su maƙale, sai ka ga ana iya buɗe folda amma kwafin fayil ya tsaya cik. Gwada da `ping -M do -s 8972` zuwa adireshin saba. Idan bai wuce ba, mayar da kowa 1500. A kan gigabit ribar da ke cikin 9000 ba ta kai wahalarsa ba.

Mataki na uku: faifan saba

Yanzu shiga saba da kanta ka maimaita gwajin `dd` a kan faifanta kai tsaye, ba tare da rezo ba. Idan a nan ma gudun bai kai na waya ba, babu saitin NFS da zai cece ka. Fara da `cat /proc/mdstat` idan RAID ɗin, wato tsarin da ya haɗa faifan saba su yi aiki kamar guda, na Linux ne: jerin haruffan U na nuna faifai masu lafiya, ɗan layi a madadin ɗaya daga cikinsu na nufin faifai ya faɗi, kuma RAID 5 ko 6 da ya rasa faifai sai ya riƙa lissafo bayanan da suka ɓace a duk karatu. Haka nan idan yana cikin sake gina kansa bayan ɗaukewar wuta, komai zai yi nauyi har ya gama. Duba kowane faifai da `smartctl -a`, ka kula da Reallocated_Sector_Ct da Current_Pending_Sector da kuma zafinsa.

Zafi ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke haura digiri 40, idan na'urar sanyaya ɗakin saba ta tsaya na ƴan sa'o'i, abin da ke fara jigata shi ne ɗan batirin da ke kan katin RAID. Wannan batiri shi ke ba katin damar riƙe rubutu a ƙwaƙwalwarsa ya ce an gama, kuma da zarar ya mutu, katin yakan koma jiran faifai a kowane rubutu domin kare bayanai. Alamarsa ita ce karatu yana nan daram, rubutu kuwa ya faɗi warwas. Manhajar katin ce za ta gaya maka halin batirin.

Yayin da aikin mai ƙara yake gudana, bar `iostat -x 5` a buɗe. Idan faifai masu juyawa suna kusa da kashi 100 na aiki, lokacin jira yana hawa zuwa gomman milisakan, amma megabayit ɗin da ke fita kaɗan ne, to ana sa su tsalle-tsalle ne daga wuri zuwa wuri. Faifai mai juyi 7200 a minti yana iya ba da megabayit 150 ko fiye a sakan idan a jere yake karantawa, amma buƙatun da suke warwatse wajen 100 kawai yake iya biya a sakan. Duba kuma `df -h`, domin ma'ajiyar da ta kusa cika maƙil takan yi nauyi, kuma ka tabbata faifan da aka saya ba irin SMR ba ne, waɗanda suke da araha amma suke durƙushewa idan rubutu ya daɗe.

Mataki na huɗu: saitin NFS da SMB

Kamfanin Sun Microsystems ne ya fito da NFS a 1984, kuma ya sha gyara tun daga lokacin, amma akan gaji saitin da wani ya kwafo daga tsohon rubutu aka bar shi shekara da shekaru. A kwamfutar mai ƙara, `nfsstat -m` zai nuna maka abin da ake amfani da shi a zahiri. Nemi `vers` ya zama 4.1 ko 4.2 idan saba ta iya, `proto` ya zama tcp, `rsize` da `wsize` kuma su zama 1048576. Idan ka ga 8192 ko 32768 an rubuta da hannu a `/etc/fstab`, goge su ka bar na'urorin su daidaita da kansu. Idan ka ga `noac` ko `sync` a ɓangaren kwamfutar mai aiki, tambayi dalili, domin na farkon yana hana ta tuna bayanin fayil ko na sakan ɗaya, yana kuma tilasta mata jira a kowane rubutu. Bar `hard` yadda yake. `Soft` yana kawar da maƙalewa ne ta hanyar yanke buƙata, abin da kan iya lalata sakamakon lissafi.

Umarnin `nfsiostat 5` yana ba da lambobi biyu masu amfani, RTT da exe. Na farko shi ne tsawon lokacin da buƙata ta ɗauka daga fita zuwa dawowar amsa, na biyu ya haɗa da zaman layi a cikin kwamfutar kanta. Idan RTT ya yi yawa alhali `ping` bai kai milisakan ɗaya ba, saba ce take jinkirin amsawa. A nan sai ka duba `cat /proc/fs/nfsd/threads`. Wannan shi ne adadin buƙatun da saba ke iya amsawa a lokaci guda. Tsaruka da yawa suna zuwa da 8 kacal, kamar a ce ma'aikata takwas ne a kanta suke sallamar kwamfutoci ashirin masu lissafi. Ɗaga su zuwa 32 ko 64 a `/etc/nfs.conf`, ƙarƙashin sashen nfsd. Idan hanyar ta gigabit 10 ce kuma kwamfuta guda ta kasa cika ta, saitin `nconnect`, wanda ya shigo Linux 5.3 a 2019, yana buɗe haɗi da yawa, har zuwa 16.

Za ka sami masu ba ka shawarar ka sa `async` a `/etc/exports`, kuma gaskiya ne rubutu zai yi sauri nan take. Abin da ba sa faɗa shi ne saba za ta riƙa cewa ta ajiye bayanai alhali suna RAM, kuma idan wuta ta ɗauke a wannan lokaci, fayil ɗin zai lalace ba tare da wani saƙon kuskure ya isa ga mai aikin ba. A garin da wuta ke iya tafiya sau da yawa a yini lokacin bazara, ni ban yarda da shi ba sai a foldar aikin wucin gadi da za a iya sake lissafawa, kuma sai in na gwada batirin onduleur, na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke ta, da kaina na ga yana kashe saba cikin tsari. Ma'ajiyar asali ta zauna a kan `sync`. Idan ana son saurin rubutu, a gyara batirin katin RAID, ko a ƙara SSD na rajistar rubutu idan ZFS ake amfani da shi.

Game da SMB maganar gajeriya ce. Buga `smbstatus` ka ga sigar da kowa ya haɗu da ita. SMB1 tsoho ne mai yawan kai-da-komowa, kuma Samba ta daina kunna shi da kanta tun siga ta 4.11. Manhajar kariya daga bairos a Windows tana iya binciken kowane fayil da aka buɗe daga ma'ajiyar, don haka a gwada da ita a kuma gwada ba ita.

Mataki na biyar: aikin kansa

Nan ne na fi samun mai laifi, kuma nan ne masu bincike suka fi ƙin a duba. Mai ɗaukar gero daga kasuwa zuwa Harobanda, idan ya ɗora buhu guda ya haye gadar Kennedy sau ɗaya, ya gama. Idan kuwa tiya-tiya zai riƙa kaiwa yana dawowa, faɗin gadar ba zai amfane shi da komai ba. Kowane fayil a kan NFS yana buƙatar a nemo sunansa, a tambayi bayaninsa, a buɗe, a karanta, a rufe, kuma yawancin waɗannan tafiya ce zuwa saba da dawowa. A ɗauka duka sun ci milisakan 5 a fayil guda. Fayiloli 200,000 za su ci sakan 1000, kusan minti 17, alhali idan jimillarsu gigabayit 2 ce kuma a dunƙule suke, gigabit zai kawo su cikin wajen sakan 17. Domin ka tabbatar, gudanar da aikin ƙarƙashin `strace -c -f` na ɗan lokaci, ka ga ko kiraye-kirayen buɗewa da tambayar bayanin fayil ne suka cinye lokacin.

Masu nazarin damina sukan faɗa wannan rami ba da saninsu ba. Bayanan ruwan sama na CHIRPS sun faro daga 1981, kuma wanda ya sauke su fayil guda a kowace rana zai tara 14,610 a shekara 40. Haɗa su shekara-shekara da `cdo mergetime` ko `ncrcat`, sai su koma 40. Abin da aka gama amfani da shi kuma a dunƙule shi da `tar`. Ko `ls` mai launi yana tambayar bayanin kowane fayil ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa yake daskarewa a babbar folda, alhali `ls -f` yana fitowa nan da nan.

Babban fayil ma yana iya wahalar da kai idan tsarin cikinsa ya saɓa wa tambayar da kake yi masa. NetCDF-4 da HDF5 suna yanka bayanai gunduwa-gunduwa, kuma idan an matse su, dole a karanto gunduwa sukutum kafin a ciro lamba guda daga cikinta. Idan kowace gunduwa taswirar rana ɗaya ce ta yankin Sahel baki ɗaya, kai kuma tarihin ruwan wuri guda kusa da Tawa kake so, za ka jawo fayil ɗin gaba ɗaya ta waya domin ƴan lambobi. `ncdump -hs` zai nuna maka girman gunduwoyin a layin _ChunkSizes, sai ka sake yanka kwafi da `nccopy -k nc4 -c time/365,lat/50,lon/50`, kana sa sunayen da ke cikin fayil ɗinka. Idan kuma shirin yana maƙalewa ko yana kukan kulle fayil tun wajen buɗewa, HDF5 ya fara kulle fayiloli daga siga ta 1.10, kuma `HDF5_USE_FILE_LOCKING=FALSE` yana kashe wannan, muddin ka tabbata babu wani mai rubutu a fayil ɗin a lokacin.

Mahallin conda, wato tarin manhajojin Python, da aka girka a kan ma'ajiyar shi ma dubban ƙananan fayiloli ne, kuma duk lokacin da Python ya tashi sai ya bi su yana nema. Idan ayyuka 50 suka tashi tare, saba za ta sha tambayoyi kafin a fara lissafin komai. Mayar da mahallin kan faifan kowace kwamfuta, ko a zuba shi cikin fayil guda na Apptainer. Haka shirin da yake rubuta layi guda na rahoto a kowane zagaye, a rage masa surutu.

Tsarin da na fi ba masu bincike shi ne wannan: a farkon aiki a kwafo bayanan da ake buƙata zuwa faifan kwamfutar da za ta yi lissafi, zai fi kyau SSD, a yi duk karatu da rubutu a can, a ƙarshe a mayar da sakamako kawai da `rsync`. Layi uku ne a cikin rubutun Slurm, manhajar da ke raba wa kwamfutoci ayyuka, tare da na huɗu mai share abin da aka bari. Wani dakta ya taɓa ce mini, "Malam, ai kwafin ɓata lokaci ne," sai da muka auna tare ya ga kwafin minti biyu ne, lissafin da yake karanta fayil ɗin sau ɗaruruwa kuwa ya daina jiran waya gaba ɗaya.

Mataki na shida: su wa ke kan hanyar tare da kai

Idan jinkirin yana zuwa ne a wasu sa'o'i kawai, buɗe `iftop` a kan saba a daidai lokacin, ka ga wace kwamfuta ce ta cinye hanyar, sannan ka duba `crontab` ko akwai kwafin ajiya da aka sa yana tashi da rana tsaka. Mayar da shi tsakar dare ba ya cin ko dala. Lissafin rabo kuma ba ya ƙarya: kwamfutoci 16 da suke karatu tare daga saba mai wayar gigabit guda, kowace za ta sami wajen megabayit 7 ne a sakan. A irin wannan hali ne kawai sayen kaya yake da hujja, wato katin gigabit 10 ga saba da suwic mai rami irinsa, bayan ka tabbatar a mataki na uku cewa faifan za su iya ciyar da shi. Haɗa wayoyi biyu da LACP yana taimaka wa jama'a gaba ɗaya, amma haɗin TCP guda waya ɗaya yake bi, don haka mutum ɗaya ba zai ga gudunsa ya ninka ba. Tsaruka irin su Lustre da BeeGFS an yi su ne domin manyan rukunan kwamfutoci, kuma suna buƙatar mai kula da su kullum, saboda haka ɗaki mai ma'aikaci ɗaya ya yi tunani sosai kafin ya ɗauko su.

Bayan kowane gyara guda, koma kwamfutar mai ƙara ka maimaita `dd` da `iperf3`, sannan ka sa shi ya sake tayar da ainihin aikinsa da `time` a gabansa, ka rubuta sabuwar lambar ƙarƙashin tsohuwar tare da abin da ka canza. Gyaran da bai motsa lambar ba, mayar da shi yadda ka same shi kafin ka gwada na gaba.